Tarakta ta shekara 11 a ajiye: daga ina ake fara tayar da ita?

"Assalamu alaikum. Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Gidar, a arewacin Kamaru. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar tsohuwar tarakta Massey Ferguson 135. Tana tsaye a gindin darbejiya a bayan gida yau shekara 11, ba wanda ya tayar da ita. Da aka raba gado ta faɗo a kasona. Tayoyi sun kwanta, jan fentin ya koɗe. Abokai na cewa in ari batir, in ta ƙi tashi a ja ta da babbar mota. Wasu kuma na cewa in sayar wa masu sayen ƙarfe a kilo in huta. Za ta tashi? In ta tashi, za ta biya kuɗin gyaranta?"

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan baba, ya kai haske kabarinsa. Malam, tambaya biyu ka haɗa a wuri ɗaya: ko za ta tashi, da ko gyaran zai biya. Ta farkon, galibi amsarta e ce. Ta biyun kuwa sai an duba wasu wurare a jikinta kafin a ce uffan, kuma duk binciken ba zai ci maka kuɗin kirki ba. Amma tun kafin mu je can, ka ajiye shawarar abokan nan. Kada ka sa mata batir, kada kuma a ja ta. Yawancin taraktocin da ake kawo mana gareji a nan Garwa da sandar fistin a lanƙwashe, ba zaman shekaru ne ya karya su ba, ranar farko da aka matsa musu su tashi ce.

Abin da baba ya bar maka ba ƙaramin ƙarfe ba ne. An ƙera samfurin 135 daga 1964 har cikin shekarun 1970, mafi yawa a Kobantiri ta Ingila, wasu kuma a Faransa da Amurka. Mai shan gas ɗin, wato dizal, tana ɗauke da injin Perkins mai silinda 3, lita 2.5, ƙarfin doki kusan 45. Babu kwamfuta a jikinta, babu wata waya da injin ke buƙata don ya ci gaba da aiki bayan ya tashi. Dangin wannan injin ne aka sa wa MF 240 da kamfanin Millat ke haɗawa a Fakistan, ga masana'antun Indiya da Turkiyya da suka daɗe suna buga kayan Massey. Shi ya sa har gobe ake samun fistin da ringi da gasket ɗinta a Garwa da Marwa, in an rasa a sauko da su ta Mubi ko Yola.

Me ya sa aka ajiye ta?

Wannan ita ce tambayar da nake fara yi wa duk wanda ya kawo irin zancenka, kuma ba a jikin taraktar amsar take ba. Ka tambayi inna, ka tambayi baffanninka, ka nemo direban da ya tuƙa ta a ƙarshe in yana raye. Idan tsufa ne ya kama baba, ko taya ta fashe aka rasa kuɗin canji, ko direba ya tafi ba a sami wani ba, to lafiyarta ƙalau aka kashe ta, zaman ne kawai za ka yi fama da shi. Idan kuwa aka ce maka ta yi wata ƙara a gona sannan ta mutu, ko ta tafasa ruwa har ta tsaya, ko da igiya aka jawo ta gida, to ciwo biyu ke jiranka, na da da na zama. Lissafin kuɗin ya sha bamban.

Shi kansa zaman, ruwa ne makaminsa. Salansar 135 sama take kallo. In ba a kifa mata gwangwani ba, kowace damina ruwa na bi ta ciki ya gangara har ya tarar da silindar da bawul ɗinta ya tsaya a buɗe, ya kwanta a kan fistin. Damina 11 ke nan. Tsatsa ta ɗinke ringi da bangon silinda, injin ya kafe. Haka robar da ke gindin sandunan giya, rana ke cinye ta, ruwa ya zurara cikin akwatin giya. Muna da sa'a ɗaya a ƙasarmu: ruwa ba ya ƙanƙara a cikin inji ya tsaga buloki kamar yadda yake yi a Turai. Namu ciwon ruwan rijiya ne da ake ɗura wa lagireto tsurarsa, ya bar tsatsa da farin dutse a hanyoyin ruwa.

Ranar farko, ido da hannu kawai

Ka fara da korar masu haya. Ƙarƙashin bonet da bayan batir wurin kunama da maciji ne, zuma ma takan yi saƙa a ciki, don haka da sanda ake fara taɓawa. Ka sa duwatsu gaba da bayan tayoyi, ka wanke ta tas. Ka leƙa kowane bututu da ke buɗe, domin zanzaro ba ya ganin rami ya wuce. Na sha zaro ginin laka daga bututun numfashin inji da bakin matatar iska, kuma wannan lakar in ta shige ciki, yashi ce a kan ringi.

Sai ka zaro sandar gwada baƙin mai. Mai baƙi ƙirin a daidai alamarsa labari ne mai daɗi. In ya haura alama sosai, ko ya koma fari-fari kamar kunun gyaɗa, ruwa ko gas ya shiga. Ka sa kwano a ƙarƙashi, ka sassauta notin zubar da mai a hankali, kada ka cire shi duka. Ruwa ya fi mai nauyi, a ƙasa yake kwanciya, saboda haka in akwai shi, shi zai fara ɗigowa. Ka murza ɗan man tsakanin yatsu a cikin rana. In ka ga yana ƙyalli da garin ƙarfe, metal ɗin karanshaf, wato ƙarafan da babbar sandar inji ke juyawa a kansu, sun ci tun kafin a ajiye ta. Ka yi irin wannan gwajin a notocin ƙarƙashin akwatin giya da na baya. Daga nan ka zagaya buloki da tocila kana neman tsaga ko tabon walda, ka duba ƙananan marufan ƙarfen da ke gefensa ko tsatsa ta huda su.

Injin yana juyawa?

A nan gyaran yake rabuwa gida biyu. Ka cire nozul ukun, wato masu fesa gas cikin silinda, ka lura da wandunan jan ƙarfen da ke gindinsu, ka toshe bakin bututan da tsumma mai tsabta. Ka cire murfin saman inji, ka ɗan buga kan kowane bawul da guntun katako. Lafiyayye zai nutsa ya dawo da ƙarfin sifirin ɗinsa. Wanda ya maƙale ba zai motsa ba, ko ya nutsa ya ƙi dawowa, kuma in aka juya inji a haka, sandar da ke tura shi ce ke lanƙwashewa, ko fistin ya daki kansa. Ka jiƙa wuyansu da mai har sai duk shidan suna wasa.

Yanzu ka zuba mai ta ramukan nozul. Ni gas nake haɗawa da jan man giyar mota mai canza kanta, rabi da rabi. Akwai abin da da yawa ba su sani ba game da wannan injin: kan fistin ɗinsa yana da rami kamar ƙaramin kofi. In ka zuba cokali biyu, a ramin man zai zauna, ba zai taɓa kaiwa ga ringi ba, ka yi ta jira a banza. Sai an zuba ya cika ramin ya tumbatsa zuwa gefe.

Bayan kwana biyu ko uku, ka sa sifana a babban notin fulin gaba ka gwada. Wata dabarar ita ce a ɗaga tayar baya ɗaya da jak, a tallafe ta da kututture, a sa babbar giya, a riƙa jijjiga tayar gaba da baya. Jijjiga na ce, ba finciko ba. In ya motsa ko da faɗin yatsa ne, ka yi nasara, ka ƙara mai ka ci gaba, kullum yana ƙara saki, har ya zagaya sau biyu ba tare da ya cije ba. In bai motsa ba, ka ƙara mai ka bar shi. Mako biyu ba su yi yawa ga abin da ya shekara 11 ba. Babbar mota kuwa ba ta san wannan haƙurin ba. Ƙarfin da za ta zuba ta cikin giya sai ya sami inda zai fita, ko ringi ya karye ya karce silinda, ko sandar fistin ta lanƙwashe. In kuma taka mai Multi-Power ce, wato akwai ɗan maɓallin ƙarin giya a gaban direba, ja ma ba ya tayar da irinta, wahalar banza ce.

In mako biyu sun wuce bai saki ba, a buɗe kan injin a gani da ido. Wani lokaci tsatsar sama-sama ce, a goge, a ɗora kututturen icce mai tauri a kan fistin a buga da guduma a hankali ya sauka. In tsatsar ta ci rami a bango, ba ƙarshen duniya ba ne. Silindar wannan injin riga ce ta ƙarfe da ake cusawa cikin buloki, ana zare tsohuwa a matsa sabuwa, kuma ana sayar da ita a haɗe da fistin da ringi. Aikin masu injin matsi ne a gari, ba a yin sa da guduma a gindin bishiya.

Duk ta hanyar da ya saki, kafin a mayar da nozul dole a juya injin ya fesar da man da ka zuba. Ruwa da mai ba sa matsuwa. Ɗan abin da ya rage a kan fistin ya isa ya lanƙwasa sanda a juyin farko.

Hanyar gas

Tankin a sauke shi a wanke, ba a tsotse na sama a bar laka a ƙasa ba. Tsohon gas yana zama danƙo, ga raɓar da ke taruwa a tankin da ba a cike yake ba. A canza filta, a hure bututai, a duba ƙaramin famfon da ke gefen inji mai ɗan hannun bugawa, don fatar cikinsa takan bushe ta tsage, ta riƙa zubar da gas cikin baƙin mai.

Babban famfon, wanda ke raba gas ga nozul, na kamfanin CAV ne mai juyawa, kuma gas ɗin da ke ratsa shi shi ne man da ke sa shi santsi. In ya daɗe a tsaye, ƙananan ƙarafan cikinsa kan manne. A nan iyakata take: ni ba na buɗe shi, kuma ban yarda wani ya buɗe shi a tsakar gida da ƙurar hunturu na tashi ba. Akwai masu wannan sana'ar da teburin gwaji, su za ka kai wa shi tare da nozul ukun a gwada feshinsu. Kafin a kwance shi a yi alama a inda yake zaune, don kada lokacin feshi ya goce.

Bayan an haɗa, sai fitar da iska. Ana buga ɗan hannun ƙaramin famfo, a fara sassauta notin kan filta har gas ya fito ba kumfa, sannan notoci biyu na jikin babban famfo, daga ƙarshe bututan da ke bakin nozul yayin da ake juya inji. Kada ka tara hannu kana neman inda ke yoyo. Feshin yana huda fata, kuma raunin yakan kai ga yanke yatsa.

Tunda maganar gas muke: na jarkar bakin hanya, in ba makawa sai shi, ka bar shi ya kwana ya kwanta, ka tsiyaye na sama ta matata. Wanda aka surka da kananzir kuwa ba shi da santsi, famfon da ka kashe wa kuɗi shi zai fara ci.

Tashin farko

Sabon baƙin mai da filtarsa, sannan matatar iska. Galibi tasu irin mai kwanon mai ce a ƙasa. Ka kwance kwanon, ka kankare lakar, ka wanke ragar da gas ta bushe, ka zuba mai iya layin da aka zana. Ka daidaita bawul a milimita 0.30 injin na sanyi. A wanke lagireto, a canza fanbel da robobin ruwa. Wayoyi ɓeraye sun riga sun gama da su, amma kaɗan ne, rana ɗaya ta isa a sake su. Batir mai bolt 12 ne, ka duba wane kai aka ɗaure da jikin taraktar a da kafin ka jona. Idan ka murɗa makulli ka ji shiru, kada ka yi saurin zargin sitata: gajeriyar sandar giya sai tana tsakiya, a kan harafin S, wuta ke wucewa. Kada a sa sukundireba a haɗa wuta daga ƙasa mutum na tsaye gaban tayar baya. In tana cikin giya, ta kansa za ta bi.

Ka fara juya ta da maɓallin kashewa a jawo, har allurar agogon mai ta motsa, don mai ya riga wuta isa ga metal. Ka tabbata wannan maɓallin yana shiga yana fita sumul. Ka cire robar da ke kai iska, ka sa mutum ya tsaya da faffaɗan katako a hannu. Dalili shi ne, in abin da ke auna gas a cikin famfo ya manne a buɗe, injin zai tashi ya yi ta hawa ba tsayawa, kuma toshe masa iska ne kaɗai ke kashe shi. Da katako ake toshewa, ba da tafin hannu ba. Kada a juya sitata fiye da daƙiƙa 15 a jere, a bar ta ta huce tsakani. Tsumman fetur da ake kangawa a bakin iska kuwa, ni ban yarda da shi ba ko kaɗan, yana fasa ringi.

In ta kama, idonka a kan allurar mai. Ba ta tashi cikin 'yan daƙiƙu ba, ka kashe. Hayaƙi zai turnuƙe da farko, ragowar man jiƙo ne ke ƙonewa, kada ya tsorata ka. Wanda ya rage bayan ta yi zafi shi ne mai magana. Shuɗi, tana shan baƙin mai ta ringi. Baƙi, iska ta yi kaɗan ko nozul na zuba. Fari mai warin gas, wata silinda ba ta ƙonawa. Fari marar wari tare da kumfa a bakin lagireto, gasket ɗin kai ya ƙone. Ringin da suka manne sukan saki da kansu bayan 'yan awoyi na aiki, don haka ɗan shuɗin hayaƙi a makon farko bai isa a buɗe inji ba.

Sauran jiki, da maganar kuɗi

Kulocin da ya daɗe yakan manne da fulawil, ka taka feda giya ta ƙi shiga. Sau da yawa yana saki in injin ya yi zafi aka tayar da ita cikin ƙaramar giya a fili mai faɗi, feda a take, ana ɗan taɓa birki. In ya ƙi, sai an raba taraktar biyu. Birki kuma a gwada kowane gefe daban, don in mai ya zubo daga akwatin baya ya jiƙa takalman, gefe ɗaya ne zai kama ya juya ka.

Giya da akwatin baya da famfon ɗaga garma duk mai ɗaya suke sha, kuma jarka mai lita 20 ba ta cika su. Famfon a can ƙasa yake zaune, daidai inda ruwa ke kwanciya, shi ya sa na ce ka duba notocin nan tun ranar farko. Gwajinsa mai sauƙi ne: a rataya garma, a ɗaga, a kashe inji. In ta tsaya a sama na ɗan lokaci, lafiya. In ta zube nan take, ko tana ɗagawa tana karkarwa, akwai aiki a ciki.

Ban ga taraktarka ba, amma wuraren da ke cin kuɗi sanannu ne: cikin inji, babban famfon gas, famfon ɗaga garma, da tayoyin baya. Tayoyin nan biyu kaɗai sukan kai kuɗin gyaran inji, kuma in an taɓa ɗura musu ruwa don nauyi, ka duba ko tsatsa ta cinye rim a wajen bakin iska. A ganina, in buloki bai tsage ba, akwatin giya da na baya ba su fashe ba, ta fi ƙarfin a sayar a kilo ko da injin ya kafe. In biyu daga cikin huɗun nan ne suka lalace, ka gyara. In duka huɗun ne, ga tsaga a buloki, ka sayar da ita kaya-kaya ga masu irinta, za ka samu fiye da abin da mai sikeli zai ba ka. Kuma kada ka sayi taya ko fenti sai injin ya tashi, ta yi tafiya, ta ɗaga garma.

Ka kuma san iyakar ƙarfinta. Doki 45 ya isa garma mai faifai biyu a jigawar auduga da masara da gyaɗa irin ta wajenku. Baƙar lakar karal in ta bushe ta fi ƙarfinta, kada kwaɗayin kuɗin haya ya sa ka kai ta. Da rani tana jan tirela, taki zuwa gona, amfani zuwa kasuwa, sandar bayanta mai juyi 540 a minti kuma tana tuƙa injin sussuka. A wurin da yawa daga masu irinta, wannan aikin ranin ne ke mayar da kuɗin gyara, domin huɗa makonni kaɗan ce a shekara. In za ka ja kaya, a ƙarfen ja na ƙasa ake ɗaurewa. Ɗauri a sama da gatarin baya yana ɗaga gabanta ta kifo a kan direba, kuma ba ta da rumfar ƙarfen da za ta kare shi.

Ka fara aikin tun da rani, don watan Mayu kowane bakanike da mai gyaran famfo a cike yake. In za ka sayo kaya, ka kwafi lambar da ke farantin gindin sitiyari da wadda aka buga a gefen buloki, ka kuma tafi da tsohon a hannunka a gwada, saboda jabu sun yi yawa, musamman filta da ringi. Bayan ta fara aiki, ka ba ta mai sauƙi tukuna, tirela ba lodi sosai ba, kada kuma ka bar ta tana ta gurnani a tsaye. Man farko wanki ne kawai, ka zubar da shi da filtarsa bayan kamar awa 10, don shi zai kwaso dattin da ya saura. In an buɗe kan injin, a sake ɗaure notocinsa da sifanar awo bayan ta yi zafi ta huce, a kuma sake daidaita bawul.